Bakwai a Maimakon Shida

Shekara talatin da huɗu Malama Nevyana Gerova ta yi tana koyar da lissafi a wata makaranta a gefen garin Troyan, saura mata wata biyar ta yi ritaya da fanshonta. Burinta kawai ta kai ƙarshen Yuni da alli a hannu.

Ba ta taɓa kwafar tambaya daga littafi ba. Daga amsa take farawa: ta zaɓi lambobi biyu a ranta, ta haɗa su, ta ninka su, sannan ta rubuta wa yara su nemo su. Amma tun kaka ta lura abu na kuɓuce mata tsakanin tebur da allo. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran sha ɗaya ga Fabrairu ta zaɓi biyu da uku, ta rubuta wa aji takwas x² + 5x + 7. Yara goma sha tara suka yi ta neman lambobin da haɗinsu biyar ne, ninkinsu bakwai, har aka kaɗa ƙararrawa. Ta zuba wa kowa maki biyu, makin faɗuwa. Iyaye suka kawo ƙara.

Shugaban makarantar, Lyuben, tsohon ɗalibinta ne. Ya kira ta ofis ya zuba mata shayi.

“Malama, wannan lissafin da kika ba yara ba ya warwaruwa.”

“Kai za ka gaya mini? Kai da sai da ka maimaita aljabara a hannuna, kunnuwanka ja wur a gaban allo?”

“Ni ɗin ne, Malama. Ga takarda, nuna mini.”

Ta karɓi biro. Ɗaya da bakwai, takwas. Ta juya alamominsu, bai fito ba. Ta sake ɗaya da bakwai. Minti goma tana kai, Lyuben yana kallon taga.

“Shida nake nufi,” ta ce a hankali.

“Na sani. Wannan ne karo na uku tun Nuwamba. Yaran ne suka rufa miki asiri a biyun farko.”

Ta nemi rajistar aji, ta soke makin yaran ɗaya bayan ɗaya, tana sa hannu a gefen kowanne. Ranar Litinin aka ba wata sabuwar malama ajin. Ita kuma aka kai ta ɗakin ajiyar littattafai a ƙasan bene, inda ba a kunna murhun ɗumama ɗaki, ta ƙarasa watanninta a can sanye da kwat.