Gidan kifin da na nitsar a bayan Bukuru

Ni tela ne a Gada Biyu, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya san zuciyata a kusa take. Matata ce ta ce in nemi abin da zai riƙa sanyaya ni ranar Lahadi, tunda ba na buɗe shago, kafin in ƙarar da yaran gida da faɗa. Haka na faɗa kamun kifi. Nakan hau ƙaramar bas zuwa Bukuru, in sauka, in taka zuwa wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika tun zamanin Turawa. Dam muke ce masa. Ba na kowa ba ne. Masu lambu na jan ruwansa, mata na wanki a gefe guda, mu masu ƙugiya kuma muna can wajen duwatsu.

Farkon zuwana na sha wuya. Sai in wuni ina kallon guntun silifan da na ɗaura a zare yana yawo a kan ruwa, ko motsi ba ya yi. Wani dattijo ɗan asalin yankin, wanda ya yi aikin kuza da ƙuruciyarsa, shi ya tausaya mini. Baba kowa ke kiransa, yakan zo bayan an tashi daga coci da sandar gora a kafaɗa. Ya ce mini ƙasan dam ɗin nan fayau yake kamar faranti, injin haƙa ya kwashe komai, kifi ba shi da wurin fakewa. Duk wanda na ga yana kamawa, gida ya gina wa kifin a ƙarƙashin ruwa: rassan itace, tsofaffin tayoyi, fasassun tukwane, a ɗaure da abu mai nauyi a nitsar. Karfasa ta taru a cikin rassan, tarwaɗa ta shige tukwane.

Ya kuma gaya mini yadda ake zama da juna a wurin. In mai gida ba ya nan, kowa na iya zama a gaban gidansa ya jefa ƙugiya, abin da ya kama nasa ne. In ƙugiyarka ta maƙale a rassan, ka yanke zare, kada ka ja ka rusa wa mutum gini. In ka ci moriyar wurin sosai, wata rana ka kawo reshe ka ƙara. Sannan da zarar mai gida ya iso, ka tashi ka ba shi wurinsa.

Na sari rassan gwaiba a gidan surukina a Tudun Wada, na roƙi tayoyin keke a wurin mai faci, na ɗauko randar da ta tsage a gidanmu. Abin nitsarwa kuwa ƙafar tsohon kekena ne na ɗinki, baƙin ƙarfe mai nauyin tsiya. Ban iya ruwa ba, har yau. A kan tiyub ɗin babbar mota na kwanta, Baba na riƙe da igiya daga gaɓa, ina jan kayan ina karanto duk addu'ar da na sani. Ruwan kore ne, sanyinsa har cikin ƙashi, kuma kowa a Jos ya san irin waɗannan ramuka sun ci mutane. Bayan damina wurin ya fara bayarwa, har aka san ni da shi. Akwai wani dutse mai faɗi daidai gaban gidan, nan nake zama. Ina son dutsen nan fiye da kujerar shagona.

Wata Lahadi na iso na tarar da baƙo a kai. Wani Alhaji ne mai sayar da siminti a Bukuru, ƙato, ya kafa kujerar naɗewa a kan dutsena, yana riƙe da irin sandar nan ta kanti mai abin murɗa zare. Bokitinsa ya kusa cika da karfasa. Wannan bai dame ni ba, ai ba na nan ya kama. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani reshen gwaiba da na gani yashe a gefensa, jiƙe sharkaf, da guntun igiyata a jiki. Ƙugiyarsa ta maƙale, shi kuwa ya ja da ƙarfin tsiya har ya fizgo shi.

Na yi sallama, na danne zuciyata, na ce, "Alhaji, sannu da aiki. Mai wurin ne ya zo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mai wane wuri?"

Na yi masa bayani, har na nuna masa reshen. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ruwan nan na gwamnati ne. Kowa na da ikon ya zauna inda ya ga dama. In kana da takardar fili a cikin ruwa, kawo in gani."

Wallahi a lokacin abin da ya zo mini shi ne in ɗaga kujerar da shi a kai in tura dam. Na ajiye gorar kamun kifina, na fara naɗe hannun riga. Sai na ji an kama mini gwiwar hannu. Baba ne, ko kayan coci bai cire ba.

"Oga ya faɗi gaskiya," in ji shi. "Ruwa na gwamnati ne. Tela, zo ka zauna a wuri nawa yau."

Na ji kamar ya mare ni. Mutumin da ya riƙe mini igiya, yau shi ke ba ƙaton nan gaskiya? Na wuni a wurinsa ina hangen Alhaji yana zaro kifina ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ya sake fizgo wani reshen. Na san in aka ci gaba a haka, kafin wata ya ƙare gidan ya watse, ni kuma ba zan sake iya hawa tiyub ɗin nan ba. A makon nan na ɓata wuyan rigar wani ango saboda tunani.

Lahadin da ta biyo baya na zo da niyyar a yi ta ta ƙare. Alhaji ya riga ni, yana kan dutsen. Amma ba shi kaɗai ba ne. Duk masu ƙugiyar dam ɗin sun bar wurarensu sun taru a kansa: direbobin bas, malamin firamare, mai walda, masu lambun da ke jefa ƙugiya in sun gama ban ruwa, waɗanda suka taso daga coci da waɗanda suka idar da azahar. Sun zauna kafaɗa da kafaɗa, har gwiwar wani na gogar ƙafar kujerarsa. Baba na dama da shi, ya hango ni ya ɗaga murya.

"Tela, zo mana! Akwai wuri. Ruwa na gwamnati ne, ko ba haka ba, Oga?"

Sai a lokacin na gane. Na kutsa na zauna a hagunsa.

Ban taɓa ganin ladabi irin na ranar ba. Alhaji zai jefa ƙugiya, sai wani ya jefa tasa ta haye kan zarensa. "Afuwan, Alhaji, iska ce." A tsaya warware zare, ana yi masa sannu. Ya sake jefawa, mai walda ya haye. "Sorry Oga, hannuna ne ya kuskure." Wani direba ya kunna rediyo ana sharhin ƙwallo, aka kaure da musu, ana buga ƙafa a kan dutse. Malamin firamare ya yi ta tambayarsa farashin siminti, buhu da rabin buhu, da abin da ya sa ya tashi, da ko zai sauka. Kifin da ke da hankali ba zai tsaya a ƙarƙashin wannan kasuwa ba. Alhaji ya kumbura, ya yi gumi, ya rasa wanda zai kama da laifi, don babu wanda ya gaya masa baƙar magana. Ya tafi da bokiti wayam.

Taurin kai gare shi, na ba shi wannan. Ya dawo mako na gaba, aka sake yi masa zobe. Ya kuma dawowa, aka kuma. Ni dariya nake har cikina na ciwo, sai da na lura da bokitan sauran. Su ma babu komai a ciki. Wasunsu da kifin nan ake miyar Lahadi a gidajensu, mai walda ma sayarwa yake ya ƙara a cefane. Sun bar gidajen kifinsu suna can cike, sun zo suna asarar yini saboda tela mai faɗa da ko sunan unguwarsa wasu ba su sani ba. Na ce wa Baba a bari haka, abin ya isa. Ya ce, "Ba don kai kaɗai ba ne. In ya zauna a naka yau, gobe nawa ne." A bas ɗin komawa gida na juya fuska wajen taga, don idona ya cika da ƙwalla kuma ba na son kwandasta ya gani.

Lahadin ƙarshe na makara, wani mai kawo mini ɗinki ya tsare ni a ƙofar gida. Da na gangaro sai na ga kowa na wurinsa, dam ɗin shiru. Na ce a raina shi ke nan, sun gaji. Alhaji na kan dutsena shi kaɗai. A bayansa kuwa ga tarin ɗanyun rassan mangwaro an ɗaure da sabuwar igiya, da bulo na siminti a jiki. Na tsaya. Duk wanda ke bakin ruwan ya daina kallon zarensa.

Alhaji ya waiwayo ya gan ni. Ya murɗe zarensa a hankali, ya cire tanar da ke ƙugiya ya jefa ruwa, ya miƙe, ya naɗe kujerar ya saƙala a hammata.

"Mai gida ya iso," in ji shi, ba tare da ya kalli idona ba. "Ga rassa nan, na waɗanda na fizge."

A tarbiyyar da aka yi mini, kamata ya yi in ce haba Alhaji, yi zamanka, ai duk ɗaya ne. Maganar ta zo har bakina. Na haɗiye ta, na ce, "Na gode, Alhaji." Na hau dutsena, na zauna daram, na sa tana, na jefa ƙugiya, shi kuma yana tsaye da kujera a hammata yana neman inda zai zauna.