Sallamar da Ban Ji Ba

Yau Laraba. Gwiwoyi da sauƙi, hawan jini na nan, kunnuwa kuwa sai haƙuri.

Shekaranjiya maƙwabcina Alhaji Sani ya kafa bakinsa a kunnena kamar mai kiran salla.

"Baba, Malam Buba na Maruta ya zo ɗazu! Ya yi sallama sau uku, ya juya!"

"Ina ciki fa, Alhaji! Me ya hana shi shigowa?"

"Ya ce ba a shiga gida ba izini. Kuma ya ga sandarka jingine a zaure, ya ɗauka ƙyale shi ka yi."

Jama'a, Buba abokina ne tun firamare, shi kaɗai ya rage mini. Gidan nan ba mace, ba yaro, daga ni sai buta. Mutum ya hawo mota har nan Birnin Kudu, ya tsaya yana yi wa kurma ladabi!

Na'urar kunne da aka ba ni a asibiti kuwa fito kawai take yi mini a ka, na cire ta.

Na aika masa, na roƙe shi ya dawo yau. Tun safe na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, in ban ji shi ba, in gan shi. Rana ta buge ni har jiri, abinci ma na kasa ci.

Ku masu tsofaffi irina, don Allah, yaya ake yi wa kurma sallama?

An idar da magariba. Buba bai zo ba.