Gayya a Tsakiyar Teku

Ban taɓa mantawa da ranar da na shirya gayya a kan teku ba. Lokacin ina hafsa na uku a wani jirgin dakon kaya, muƙamin da kwale-kwalen ceto ke wuyansa. Doka ce a riƙa sauke shi ruwa ana gwada injinsa. Ran nan muka sauka mu biyar, muka ɗan yi nisa, sai inji ya yi tari ya mutu. Ruwan sama ya kece, jirginmu ya ɓace mana, oba-oba kuma ta sha ruwa ta yi shiru.

A makaranta an koya mana cewa wanda ya ɓata a teku ya tsaya inda aka bar shi, don can za a fara nemansa. Na faɗa musu haka. Baba Sule, shugaban ma'aikatan saman jirgi, mutumin Ƙarfi, ya dube ni.

"Yallaɓai, a garinku zama ake yi a jira mutuwa? Ba arewa ƙasa take ba? A miƙo filafili!"

Ƙasa tana arewa kam, amma ko kwana uku muka yi muna tuƙi ba za mu gan ta ba, ga ruwan sha kaɗan. Sai dai Baba Sule ya haife ni, kuma sauran sun bi bayansa.

Na ce to, a yi. Da gangan na zaunar da shi ɓangaren dama tare da wani ƙaƙƙarfa, Audu mai girki, ɗan Dayi, biyu marasa ƙwari kuma a hagu. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san manomi ba ya yarda na kusa da shi ya riga shi kai kunya.

"Kai ɗan Dayi, miya kake motsawa ne?"

"Baba, ja dai, kada Ƙarfi ta ji labari!"

Allurar kamfas tana ta zagaye a hannuna, ni kuwa ina cewa, "Madalla, arewa sak!"

Da ruwa ya ɗauke, sai ga jirginmu yana nufo mu. Kyaftin ya leƙo ya ce ya hango mu muna kewaye kamar shanun casa.

Yara kan tambaye ni ko sanin hanya na da sauran amfani tunda akwai na'ura. Yana da shi. Shi ya nuna mini babu inda za mu je. Baba Sule kuwa yana nan Ƙarfi yana noman masara, har gobe cewa yake saura ƙiris ya kai mu Legas.