Gilasan da Suka Koɗe a Tagar Inna

Akwai wata ranar Talata da har yau in na tuna ta sai in ji gabana ya faɗi, sannan in yi hamdala. Ba na jin zan taɓa mantawa da ita.

Lokacin ina koyar da fiziks a wata sakandare a nan Suleja, ina kuma digiri na biyu. Bincikena a kan wani haɗin sinadarai ne da ake kira calkojinaid. Ana ƙona shi a cikin na'ura, tururinsa ya kwanta a kan ƙananan gilasai, shafe siriri wanda bai kai kaurin gashi ba. Aikina shi ne in haska gilasan in auna yawan hasken da ke ratsa su. Na auna, na rubuta, sakamako ya yi kyau. Sai aka shiga yajin aiki a jami'a, aka rufe ɗakin gwaji. Na kwaso gilasaina na taho gida: masu lamba a cikin wata farar roba, ragowar kuma na naɗe su a takarda na jefa cikin gwangwanin biskit a ƙasan wadirof.

Bayan watanni aka koma. Malamin da ke duba aikina, dattijo ne da ba ya wasa da gaskiya, ya ce in sake awo a gabansa kafin a tura aikin ga mai dubawa na wata jami'a. Na ɗauko robar hankali kwance. Gilashin farko ya saɓa da abin da na rubuta. Na biyu ma haka, har na shida. Haske yana wucewa fiye da da. Malam ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"Malama, faɗa mini tsakaninki da Allah. Kin auna lambobin nan, ko zama kika yi kika tsara su?"

Na rantse masa. Ya ce ya ba ni mako guda in kawo bayani, in ba haka ba dole ya sanar da kwamiti. Na san ma'anar wannan: kora, da sunan mai ƙarya. Ni da nake hukunta ɗalibai a kan satar amsa.

A mota na yi ta share hawaye da gefen mayafi har muka wuce Dutsen Zuma. Da na shiga gida Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma ta yi shekaru tana sayar da atamfa, idonta ba ya kuskuren launi. Na zube kusa da ita na ba ta labari, na buɗe robar. Ta ɗaga gilashi ɗaya sama ta duba.

"Su waɗannan? Ai koɗewa suka yi. Da kika kawo su jajaye ne kamar manja."

Ta ce ita ce ta mayar da robar kan taga da ta zo gyaran ɗaki. Ina ganin robar a can kullum, ban taɓa damuwa ba, don a tunanina gilashi ba ya lalacewa sai in ya fashe. Na tashi da gudu na zaro gwangwanin. Da muka jera su a kan farin faranti, ko yaro zai ga bambanci. Na cikin duhu sun fi ja nesa ba kusa ba, alhali rana ɗaya aka yi su duka. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ina kuka, Inna tana cewa in yi a hankali kar in taka mata shinkafa.

Washegari na kai wa Malam duka biyun. Na gwangwani suka ba da kusan abin da na rubuta tun farko, sun ɗan gusa kaɗan kawai. Ya ce in yafe masa zargin da ya yi mini. Ya bayyana mini cewa irin wannan shafen ba ya daskarewa cikin tsari. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa a hargitse suke kwanciya, sai su ci gaba da gyara zama a hankali, haske da zafi da iska kuma suna hanzarta su. Na taɓa karanta haka, amma ban ɗauka zai faru a tagarmu ba. Ya sa na ƙara babi guda a kan tsufan gilasan, kuma a kansa aka fi yi mini tambayoyi ranar kare aikin.

Abin da na koya shi ne, in yau ta saɓa da jiya, ba lallai wani ne ya yi ƙarya ba, wani lokacin abin ne da kansa ya canza. Shi ya sa yanzu in ɗalibi ya kawo mini amsar da ban zata ba, sai na zaunar da shi na ji yadda aka yi kafin in ɗaga jan biro.