Rigar da Aka Ɗinka Ba Awo

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In ta zuba mini tuwo sai ta ce, "A zo a ɗauke kwanon nan," kamar da bango take magana. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a Mai'adua. Can na ji ƙannen mahaifiyata suna ce mata Yaya, ni ma na kama. Da aka dawo da ni Daura don makaranta, ƙannena suna ce mata Inna, suna ɗare cinyarta, ni kuwa ina nan a Yaya. Mata su shigo su yi ta yabo, wai ba a taɓa ganin mai kunya irinta ba. Ni dai ban ga abin yabo ba. Abin yana ci mini rai, kuma buri ɗaya gare ni: ta dube ni ko sau ɗaya ta yi magana da ni.

Na gama sakandare lokacin da kuɗin man fetur suka ɓarke. Aiki ne ke neman mutum, samari kowa da sabon babur da rediyo a kafaɗa. Na samu aikin akawu a wata ma'aikata a Kaduna. Akawu kuwa sai da rigar shat mai maɓallai da kwala. Akwai wani ɗan kabilar Ibo mai shago kusa da kasuwar Daura, yana sayar da yadi da kuma shat ɗinkakku a cikin leda, har na ƙyalla ido a kan wata fara. Sai Goggo ta tare ni a zaure. Ƙanwar mahaifina ce, a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta, bakinta ba linzami.

"Kar ka kuskura ka sayi komai," in ji ta. "Uwarka ta ce ita za ta ɗinka."

Yaya tana da keken ɗinki na hannu, tana yi wa matan unguwa riguna da kayan yara, amma ba ta taɓa ɗinka shat ɗin maza ba. Da yake ba ta fita, Goggo ce ta yi ta zirga-zirga zuwa shagon tana kawo mata ƙyallayen yadi ta gani. Wata la'asar ina wanke takalmi a bayan rumbu, ba su san ina nan ba, na ji Goggo tana cewa, "Ke dai ki ɗauki farin nan mu huta, ƙafata ta gaji."

"A'a," in ji Yaya. "Fari ba ya karɓarsa, dusashe shi yake yi. Ruwan zuma za ki sayo, na lilin. Ba ki ga yadda ya fito ba ranar da ya ari rigar kawunsa?"

Wallahi takalmin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Ashe tana kallona! Ashe in na ba da baya ido na bina. Daɗin da na ji bai daɗe ba ya koma haushi.

Aka sayo lilin ɗin, ta jiƙa shi ta shanya don ya gama tsukewa kafin a yanka. Sai Goggo ta ce in kawo tsohuwar rigata a ɗauki awo. Na ce duk sun matse ni, in ɗinki za a yi mini, a auna ni kamar kowa.

"Kai, ja'iri! Ka san abin da kake faɗa kuwa? To zo ni in auna ka."

"Goggo, ba ke za ki ɗinka ba."

Na karɓe tef ɗin awon da ke hannunta na nufi rumfar da Yaya take aiki. Na tsaya a gabanta na ware hannuwa, na ce, "Yaya, ga ni." Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya keken a kan wata rigar jarirai, ƙir-ƙir-ƙir. Na sake faɗa. Goggo ta fara dariya, sai kuma ta fasa. Na tsaya har hannuwana suka gaji. Can Yaya ta ce, "A faɗa wa wannan ya tare mini haske." Na yar da tef ɗin a kan tabarma na fice.

Haka Yaya ta yanka yadin, ba awo. Ta aika aka aro mata shat ɗin wani malamin makaranta maƙwabcinmu don ta ga yadda ake haɗa kwala. Kwalar nan ta ba ta wuya. Ta ɗinka ta farke, ta ɗinka ta farke, lilin kuwa ba ya son farka, bakinsa sai ya yi ta zubar da zare. Kafofin maɓallan da hannu ta yi su, ɗaya bayan ɗaya, don keken ba ya yi. Ni kuma na ƙaurace wa gidan, ina yini wurin abokai a wajen rijiyar Kusugu, in na dawo in wuce ɗakin zaure. Duk abin da ake ciki Goggo ke kawo mini, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Ana gobe zan tafi Goggo ta kawo rigar, an goge ta da dutsen guga, da ɗuminta. Na saka. Kafaɗa daidai, hannu ya tsaya cif a wuyan hannuna, ba inda ta ɗame ni. Na duba madubi na ga fuskata ta yi haske, ban taɓa ganin kaina da kyau haka ba.

"Tubarkalla!" in ji Goggo, har da guɗa. "'Yan matan Kaduna sun shiga uku."

Ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido. Wadda ta san faɗin kafaɗata ba tef, me zai rage ta in ta dube ni?

Da safe na saka rigar na shiga sallama. Tsakar gida cike da mata, maƙwabta sun zo yi mini addu'a. Yaya tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, kanta a ƙasa. Na je na durƙusa dab da ita, kusa fiye da yadda aka saba, na ce, "Yaya, zan tafi."

Ashe garin sauri gefen kwalar ya naɗe ciki. Ta gani. Na ga hannunta ya taso, yatsun da allura ta huhhuda sun nufo wuyana. Na ɗauke numfashi, ban motsa ba. Sai wata tsohuwa a bayana ta yi gyaran murya, wataƙila ma tari ne kawai ya taso mata. Hannun ya tsaya. Ya koma ya kama bakin mayafinta.

"A gyara masa kwala," in ji Yaya. "Allah ya kiyaye hanya."

Goggo ta matso ta gyara, mata suka amsa da amin, na ɗauki akwatina na fita. A mota na yi kuka har muka wuce Kazaure, wani dattijo yana ta tambayata wa ya rasu.

Yaya ta yi tsawon rai bayan haka, ta ga 'ya'yana, ta goya su, ta kira kowannensu da sunansa. Ni kuwa ban sake samun irin wannan safiyar ba. Abin da ya rage tsakanin hannunta da wuyana bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma iyakar kusantar da muka taɓa yi ke nan, ni da matar da ta haife ni.