Jirgin da Muka Ɗora Kan Gado

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Wadda zan ba ku ba ta namun daji ba ce, tamu ce, ta mutane masu cikakken hankali, a nan Gaya, zamanin da Nasara suka kusa tattara kayansu, ana tsallaka gulbi zuwa Malanbil da jirgi don gada ba ta ƙare ba tukuna.

Mu matan bakin gulbi masu bandar kifi muna da zumunta tun iyayenmu, zumuntar kuwa tana da jirgi ɗaya. Jirgin zawarawa ake ce masa, don an yi shi ne saboda macen da ba ta da namijin da zai tsallakar da ita. Baƙi ne, mummuna, yana warin kifi tun daga nesa. Amma shi yake ciyar da kansa. Ranar kasuwar Malanbil mukan cika shi da mata da kaya, mu tuƙa da hannunmu, ina cikin masu riƙe filafili. Mai kifi ta ba da kifi, mai shinkafa ta ba da ƙoƙo guda. A ware na gyara, a kai sauran gidan da babu. Sauran ranaku kuwa kyauta yake ɗaukar marasa gata. Ba ya kwana a tudu. Ko ranar gyara, da safe a ja shi, a cusa tsumma da man kaɗe da garin gawayi cikin tsagoginsa, kafin la'asar ya koma ruwa.

A cikin masu dogara da shi akwai yayata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana da fadamar shinkafa a gungu, tsakiyar gulbi. Ƙannen mijin, mutanen kirki, suka ce ba za su cuci marayu ba: muddin tana shuka, fadama tata ce, amma daminar da ta wuce ba shuka, za su karɓa don kada ƙasar ubansu ta lalace. Suna da jirage. Ba su taɓa tuna cewa tana bukatar tsallakawa ba.

Ana nan sai Allah ya jefo mana alheri. Matar kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ta fito shan iska da hularta mai faɗi, ta ga mata suna tuƙi, gumi yana zuba, sai tausayi ya kama ta har ta share ido. Tafinta ya bayyana mana cewa abin da muke yi, wanda kakanninmu suka yi ba su sani ba, sunansa sosiyete, kuma madam za ta zama uwarsa. Muna da uwar zumunta dama, tsohuwar da kowa ke kira Inna, amma wa zai ƙi uwa biyu?

Madam ta sa aka shafe jirgin da farin fenti, aka yi rubutu shuɗi a gefensa, wanda ba wadda ta iya karantawa a cikinmu, amma duk mun yarda yana da kyau. Ta ce mata ba za su ƙara wahalar kasuwa ba. Kowane wata buhun shinkafa da gwangwanayen madara za su sauko daga gidan kumandan. Suka sauko kuwa. Muka ajiye filafili, tafin hannunmu ya yi laushi. Matan da muka saba ɗauka suka zo ranar kasuwa suka tarar da mu zaune muna raba madara, suka yi mana barka, suka shiga jiragen Sarkawa, masuntan gulbin.

Da zafi ya matso, madam ta ce za ta je ƙasarsu ta huta, za ta komo da matar babban Nasara na Yamai da mai ɗaukar hoto, su ga farin jirgin matan Gaya. Ranar da ta tafi Inna ta tara mu. Ta ce kyautar manya ba a barin ta cikin laka, ta tambaye mu ko akwai wadda take dama fura a tasoshin jeren aurenta. Babu. Ta ce to, jirgi ma jere ne yanzu, in baƙi suka zo suka tarar da ƙayar kifi da gansakuka a jikinsa, kunyar ta Gaya ce gaba ɗaya. Mu da aka yanke wa cibiya a bakin ruwa, mu da muka san abin da rana ke yi wa itace, muka ce gaskiya ne. Aka kafa masa gado na itace a ƙofar gidan Inna, muka ɗauko shi da guɗa, muka lulluɓe shi da tabarmi. Yaro ya taɓa shi sai ya sha duka.

Bazara ta yi abin da ta saba. Wani lokaci mukan ji ƙara daga ƙarƙashin tabarmin, Inna ta ce fenti ne yake zama.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, yayata ta je ta durƙusa. Ina wurin.

"Inna, iri yana hannuna. A sauke jirgi in tsallaka."

"Ɗiyata, ki yi haƙuri madam ta zo ta gani. Kwana nawa ne?"

"Ruwa ba zai jira madam ba, Inna."

"Ke kaɗai ce bazawara a garin nan? Ga madara nan, ɗauki biyu."

Ta ɗauka, don yara. Ta roƙi Sarkawa, wani ya kai ta sau ɗaya, ta yi sharar gona ta komo. Amma fadama ba wurin ziyara ba ce, kullum take son ganin mutum, kuma bazawara ba ta shiga jirgin namijin wata kullum ba tare da gari ya ƙirga mata ba.

Wata ya mutu, buhu bai sauko ba. Wani watan ma ya mutu. Muka aika wa tafinta, ya zo da kansa, ya ce an yi wa kumandan canjin wuri, madam tana gaishe mu ƙwarai, tana ɗauke da mu a zuciya. Inna ta ce ai dama ita tana da niyyar a sauke jirgin.

Muka yaye tabarmi. Fentin yana nan fari tas, ba abin da ya same shi, wannan kam mun riƙe amana. Muka tura shi ruwa, yayata ta shiga da ƙwaryar irinta a ka. Kafin in tsoma filafili ruwa ya kai mana idon sawu, yana shigowa ta ko'ina kamar an tsoma kwando. Ya zauna a ƙasa a hankali, a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, muka fita da ƙafa. Tsagogin sun buɗe har hannu yana wucewa, tsumma ba za ta toshe su ba, sai sabon katako daga Dahome, ƙetaren gulbi. Aka duba rabon gyara, babu, tunda mun daina zuwa kasuwa. Aka ce mu koma kasuwa mu tara, aka tuna da me za a je.

Gulbi ya cika, ya rufe fadama ba shuka. Ƙannen mijin suka zo da sallama, suka yi wa yayata jaje mai tsawo, suka karɓa.

Madam, an ce wani gari aka kai su can gabas, inda ta sami mata masu saƙa, tausayinsu ya kama ta. Sabon kumandan ba shi da mata, farautar dorina ce ta dame shi. Tafinta ya shiga siyasa bayan Nasara sun tafi, ya yi ƙiba, yakan zo da mota ya tara mu ya koya mana dogaro da kai. Inna ta rayu har ta ga jikokin jikoki, kuma har ta koma ga Allah tana ba da labarin ranar da matar kumandan ta riƙe hannunta. Ƙannen mijin sun ci shinkafa shekara da shekaru, ɗayansu har ya je Makka. Yayata ta kwashe yara ta koma Bengu wurin kawunmu, tana daka wa mutane hatsi ana ba ta tsaki, a can aka binne ta. Ni kuwa na koma bandar kifi, hayaƙi ya cinye mini ido ɗaya, da wanda ya rage nake kallonku.