Yadda Na Sa Aka Naɗe Tabarmar Baba Kanon

Ni ne na yi laifi, kuma ba wanda ya aike ni.

Baba Kanon tsohon limamin cocinmu ne a Tudun Wada. Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai ya buɗe karatu a zaurensa duk Asabar da yamma, shi ne abin da ya rage masa. A tabarma muke zama. Yakan karanto kalma ɗaya ta Helenanci, wato Girkanci, daga wasiƙar ɗaya daga cikin manzanni, ya juya ta da Hausa, mu ce "na'am", sannan ya wuce. Wata rana ya kama wata kalma ya raba ta biyu, ya ce, "Rabin nan linzami ne, rabin nan jan dabba. To ku, wa ke jan harshenku?" Muka yi ta dariya.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Zaure, tabarma, na'am, sak karatun malaman unguwarmu. Ni tela ne, iyakata firamare, sai na ga kamar addini nake karewa. Ban ko tambaye shi ba, na je na ce wa dattawan coci Baba na shigo mana da abin da ba namu ba.

Na zaci benci za su ce ya sa maimakon tabarma. Ran Lahadi sai na ji an sanar cewa an dakatar da karatun. Ban san yadda na iso gida ba.

Da ƙyar na iya zuwa wurinsa. Na tarar an naɗe tabarmin an jingine, littattafan suna cikin kwali an ɗaure da igiya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Tela, gara da ka zo. Kai mini kwalin nan tashar Kwangila a sa wa jikana a mota. Karatun tabarman nan, haka ubana ya karantar da ni, shi ma haka ya taso ya gani a gidansu cikin birni. Ban san wata hanya ba. Kai na fi tausaya wa, ka fi kowa sa kunne."

Ashe bai san ni ne na kai ƙararsa ba. Na durƙusa a ƙasa.

Na ce, "Baba, ni na kai ƙararka. Zan koma wurin dattawa in ce na yi kuskure. Kada ka aika da kwalin nan tukuna. Don Allah ka gafarta mini."